Juya Rigar Ka Ga Bayanta: Jagorar Kallon Zane da Sassaƙa ga Bahaushen Legas

Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, aikin riga yake yi a Agege, ɗinkin hannu irin na Zazzagawa. Idan aka kawo masa babbar riga ya yi mata kuɗi, ba ya fara duba gabanta. Sai ya juya ta ciki waje, ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake, ya bi bayan aikin da yatsa. Yakan ce gaban riga na mai sawa ne, bayanta na mai ɗinki ne, a nan ake gane wanda ya yi haƙuri da wanda yunwa ta kora. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin wayon kasuwa kawai, sai ranar da na tsaya gaban wani kan mutum na yumɓu a gidan tarihi na Onikan, na tsinci kaina ina leƙa ƙeyarsa kamar yadda Baba yake leƙa bayan aska takwas.

Da yawanmu mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago da Obalende mun shekara goma ko ashirin a Ikko ba mu taɓa shiga ɗaya daga cikin gidajen tarihi da na baje kolin zane ba. Muna ganin na Turawa ne da 'yan boko. Alhali wanda ya san bambancin hular da aka ɗinka da hannu da wadda inji ya buga ya riga ya mallaki rabin abin da ake buƙata. Ragowar rabin tambaya ɗaya ce da za ka riƙa yi wa duk abin da ka tsaya a gabansa: wanda ya yi wannan, me ya ɗauki mutum?

Mataki na farko: ka warware maganar gumaka tun daga gida

Gara a faɗe ta a fili, domin ita ce take tsayar da mafi yawanmu. A gidan tarihi akwai abubuwan da a da ake bauta musu ko ake yi musu yanka. Maganar sassaƙa surar mai rai da ajiye ta a gida magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, kuma wannan jagora ba ta ce ka sassaƙa ko ka saya ka girke a falo ba. Abin da take kira gare shi shi ne dubawa da nazari, kamar yadda mai karatun tarihi yake duba kufan mutanen da suka shuɗe. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka je wurin malaminka ka tambaya kafin ka fita. Wanda ya shiga da ɗar-ɗar, kallon tsoro zai yi ya fito bai ga komai ba.

Mataki na biyu: zaɓi wuri ɗaya, rana ɗaya

Ka fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda Kenneth Murray ya kafa a 1957. Daga tashar BRT ta TBS tafiyar ƙafa ce 'yar kaɗan. Mai tasowa daga Agege yana iya hawa jirgin ƙasa na Red Line zuwa Oyingbo, daga nan ya kama mota ya tsallaka tsibiri. Ka fita da sassafe saboda gosulo, ka riƙe 'yan kuɗi a hannu na shiga, da ƙaramin littafi da biro. A bakin ƙofa ka tambayi dokar ɗaukar hoto kafin ka zaro waya. Kusa da wurin akwai cibiyar John Randle ta al'adu da tarihin Yarbawa, amma kada ka haɗa su a rana ɗaya. Ido ma yana ƙoshi, kuma idan ya ƙoshi komai sai ya zama iri ɗaya a gare shi.

Mataki na uku: minti goma, baki a rufe

Idan ka shiga, zagaya ɗakin sau ɗaya ba tare da tsayawa ba, kamar mai zagaya kara kafin ya taya rago. Sannan ka koma wurin abu ɗaya da ya ja hankalinka, ko da muninsa ne ya ja ka. Kada ka karanta 'yar takardar da aka liƙa a gefensa tukuna. Da zarar ka karanta, idonka zai daina aiki ya koma neman abin da takardar ta faɗa.

Ka tsaya minti goma cif. Za ka ji sun yi tsawo, musamman minti uku na farko. Ka lissafa a ranka abin da kake gani da sunansa na zahiri: ido biyu masu kusurwa uku, huda a tsakiyar kowanne, baki a ɗan buɗe, gashi an tufke shi gida-gida. Ban da "yana da kyau" ko "abin tsoro ne", waɗannan hukunci ne, lokacinsu bai yi ba. Ka matsa dama, ka matsa hagu, ka rage tsawo ka kalle shi daga ƙasa. Ina idonka ya fara sauka? Daga nan ina ya tafi? Mai aikin ne ya shimfiɗa wa idonka wannan hanya, kamar yadda mai aikin riga yake sa ido ya taso daga aljihu ya bi aska ya haura kafaɗa ya sauka a tambarin baya.

Mataki na huɗu: juya rigar

Yanzu ka karanta takardar, ka nemi abu uku: da me aka yi, yaushe, a ina. Sannan ka tambayi kanka yadda hannu ya yi aikin, domin wanda bai san wahalar abu ba ba ya iya yi masa kuɗi.

Kawunan Nok, wata tsohuwar al'umma ta kudancin Kaduna, na yumɓu ne da aka gasa, kuma cikinsu rami ne. Hudar da ke ido da hanci da baki tana ba fuskar rai, tana kuma barin zafi da tururi su fita lokacin gashi don kada abin ya fashe. Duk macen da ta taɓa gina tukunya ta san wannan matsala. Na tagulla kuwa, irin na garin Ife da birnin Benin, sai an fara gina siffar da yumɓu, a shafe ta da kakin zuma a zana duk ƙananan abubuwa a jikin kakin, a sake lulluɓewa da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a zuba narkakken ƙarfe ya cike gurbin da kakin ya bari. In ya huce sai a fasa yumɓun waje. Ma'ana kowane kai sau ɗaya ake yinsa, in zubin ya ɓaci aikin makonni ya tafi. A Benin har yau akwai layin Igun, inda zuriyar maƙeran sarki suke wannan sana'a.

Mataki na biyar: yi tambayar

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ribar tafiyar take.

Fara da Nok, tunda daga gida suke, kudancin jihar Kaduna. An fara tono irinsu a 1928 wurin haƙar kuza. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, wani kai da aka samo a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya ɗora a kan mutum-mutumi a gonar doyarsa don korar tsuntsaye. Abin da ya haura shekara 2000 a duniya, yana gadin doya! Wannan kai na Jama'a yana cikin dukiyar gidan tarihin na Legas. Ka lura da yadda mutanen Nok suka kashe lokaci a kan kitso da duwatsun wuya da abin hannu. Ba su bar mana rubutu ba, amma sun bar shaidar cewa a wurinsu mutum ba ya cika sai da ado da alamar matsayinsa a cikin jama'a. Bahaushen da ya san darajar sutura ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sai ka matsa wurin aikin Yarbawa. A sassaƙarsu za ka ga kai ya yi wa jiki girma, wani lokaci ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon mutum gaba ɗaya, alhali a halitta bai kai haka ba. Kada ka ce rashin iyawa ne. Mutanen da suka zuba kawunan Ife tsakanin ƙarni na 12 da na 15, da kumatu da leɓe kamar za su yi magana, sun san awon jiki sarai. A tunanin Yarbawa kai, wato ori, shi ne mazaunin ƙaddarar mutum da halinsa, har suna bambanta kan waje da ake gani da kan ciki da ba a gani. Abin da ya fi muhimmanci shi aka girmama. Ka kuma dubi fuskokin: babu mai dariya, babu mai kuka, babu mai zare ido. Natsuwa ce zalla. Mu ma idan muna yabon dattijo cewa muke yi yana da kamun kai, ba a gane fushinsa a fuska. Da na gane wannan sai na daina ganin kawunan Ife a matsayin kayan wasu can, na koma ganinsu kamar hoton mutumin kirki da wani maƙeri ya zuba da ƙarfe.

A allunan tagulla na Benin kuwa lissafin ya sauya. Oba, wato sarkin Benin, shi ne babba a tsakiya, fadawa ƙanana a gefensa, wasu ma ba su wuce gwiwarsa ba. Girman jiki a nan girman muƙami ne. Murjanin wuya da damisa duk alamun sarauta ne. A wasu allunan za ka ga Turawan Fotugal da dogon gashi da gemu da bindiga, an zana su a matsayin baƙin da suka zo fatauci. Yana da daɗi mutum ya ga zamanin da Bature ne abin kallo, ɗan Afirka ne mai kallon.

Wurare uku ke nan a ƙasa ɗaya, amsa uku: mutum adonsa da jama'arsa, mutum kansa na ciki, mutum matsayinsa a gaban sarki. Sai ka tambayi kanka tamu amsar. Fasahar Hausawa bayan Musulunci ta kauce wa surar mutum, ta zuba ƙarfinta a zayyanar Alƙur'ani da allon sauka, da zanen bangon soro, da dagi, da aikin fata, da rinin da ake yi a karofin Ƙofar Mata a Kano, da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ba a zana fuskar mutum ba, amma an yi masa sutura, an yi masa zaure inda zai karɓi baƙo, an ƙawata abin da zai karanta. A ganina wannan ma amsa ce: mutum mutuncinsa, abin da ake rufawa ake karewa.

Mataki na shida: tambayi wa ya kalla kafin kai, me ya ce

Kowane abu a gidan tarihi yana da labari biyu, na yinsa da na yadda ya zo nan. Na biyun yakan fi ɗaci.

A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya je Ife ya ga wani kan tagulla. Kyan aikin ya ruɗe shi har ya kasa yarda baƙar fata ne suka yi, ya ce ragowar wata tsohuwar daula ce ta almarar Girkawa da ake kira Atlantis. A 1938 aka tono wasu kawunan a unguwar Wunmonije kusa da fadar Ooni, sarkin Ife, bincike ya ci gaba, maganarsa ta rushe. Abin lura shi ne idonsa ya ga gaskiya, amma abin da ya riga ya ɗauka game da waye cikakken mutum ya hana shi faɗinta. A 1897 sojojin Ingila suka ci Benin da yaƙi, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa, aka watsa su gidajen tarihin Turai da Amurka. Lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a 1977 a nan Legas, fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia ta Benin ce tambarin bikin, amma gidan tarihin Birtaniya bai ba da ta asalin ba, sai kwaikwayonta aka sassaƙa. A 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar wa Najeriya mallakar kaya sama da 1,000 na Benin.

In kana son wannan darasi ya shige ka sosai, ka ware wata Asabar ka je Badagry. Akwai sarƙoƙin wuya da na ƙafa a ƙananan gidajen tarihin garin, akwai ɗakunan tsare bayi na gidan Seriki Abass, sannan a tsallaka ruwa zuwa Gberefu inda ake loda mutane a jirgi. Maƙeri ne ya ƙera sarƙar nan, da gwaninta kuwa, kuma ita ma tana amsa tambayarmu: akwai zamanin da aka ɗauki wani mutum a matsayin haja. Kada ka ce tarihin wasu ne. Hausawa da yawa an tsallaka da su Bahia ta ƙasar Brazil, har suka jagoranci yunƙurin tawaye a can a 1807 da 1814. Wasu bayin da suka 'yantu sun dawo Legas da sana'ar gini, kuma salon gininsu ne a masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, wanda aka buɗe a 1894. In ka yi sallah a can, ka tsaya waje ka ba fuskar ginin minti gomanta.

Kafin ka bar Onikan, ka shiga inda aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976. Ba aikin fasaha ba ce, amma ka lura da yadda mutane suke rage murya a gabanta. Ajiye abu a ɗaki a ce a zo a gani yana sauya shi.

Mataki na bakwai: je wurin masu zanen zamani

A jikin ginin gidan tarihin akwai doguwar siffar mace ta tagulla, siririya, kamar tana tasowa daga ƙasa. Anyanwu ke nan, aikin Ben Enwonwu na tsakiyar shekarun 1950, dab da samun 'yancin kai. Kafin shi akwai Aina Onabolu, wanda ya rayu daga 1882 zuwa 1963, ya riƙa zana manyan mutanen Legas da kamanninsu sak, a zamanin da Turawa ke cewa ɗan Afirka ba zai iya irin wannan zane ba. A 1958 kuma wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turai ba, za su haɗa dabarar da aka koya musu da zanen gidajensu. Grillo ya dawo ya daɗe yana koyarwa a kwalejin fasaha ta Yaba. In ka ga zane mai yawan shuɗi, mutane dogaye kamar an yanka su da gilashi, ka duba sunan da ke ƙasa, wataƙila nasa ne ko na almajirinsa.

Wuri mafi sauƙin farawa shi ne gidan baje kolin Nike da ke Lekki, na Nike Davies-Okundaye, gwanar rinin adire. Bene ne hawa-hawa cike da zane har bango ba ya ganuwa. Yawan zai iya ruɗa ka, saboda haka ka ɗauki hawa ɗaya, zane uku. Mai ƙarfin tafiya ya ƙarasa gidan tarihin Yemisi Shyllon a Jami'ar Pan-Atlantic da ke Ibeju-Lekki, wanda aka buɗe a 2019. Kasuwar baje koli ta Art X Lagos kuma tun 2016 ake yinta, wajen watan Nuwamba.

A irin waɗannan wurare za ka haɗu da zanen da babu mutum babu dabba, launi ne da layi kawai, wanda ke sa mutane cewa ko ɗana zai iya. Mu bai kamata ya ba mu wahala ba. Wa ya taɓa tambayar me zanen bakin tabarma yake nufi, ko na jikin ƙwarya? Ana duba daidaito ne, da inda aka cika da inda aka bar fili, da yadda launi yake zaune da ɗan'uwansa. Ka auna shi da wannan ma'auni. In bayan minti goma bai ce maka komai ba, ka wuce abinka, ba kowane zane mai tsada ne mai kyau ba, kuma ba laifi ka faɗi haka.

Wani ƙanena ya taɓa nuna mini hoton da manhajar waya ta zana masa cikin daƙiƙa kaɗan, sarki a kan doki da lifidi, ya ce, "Yaya, to yanzu me ya rage wa masu zane?" Na ce masa ya juya rigar. Haka aka yi wannan tambaya lokacin da kyamara ta zo, haka Baba ya yi ta lokacin da injin aikin riga ya shigo kasuwa, kuma har ya rasu masu neman ɗinkin hannu ba su daina sallama a ƙofarsa ba.

Mataki na takwas: rubuta layi biyar, ka faɗa wa wani

Kafin ka hau mota, ka zauna ka rubuta: abin da na gani, da me aka yi shi, abin da mai yinsa ya ɗauki mutum, inda na yarda da shi, inda ban yarda ba. In da yara ka je, kada ka yi musu lacca. Ka ce kowa ya zaɓi abu ɗaya da zai so ya tambayi mai yinsa, za ka sha mamakin abin da zai fito daga bakinsu. Da dare a majalisa ka ba da labarin abu ɗaya tak, ka bari a yi maka gardama.

Wanda bai samu zuwa ko'ina ba a wannan watan, ya nemi takardar naira ashirin. A gabanta Murtala ne, mai motar Onikan. Juya bayanta: mace ce zaune tana gina tukunya. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta zama mace ta farko a wurin. Tana zana ƙadangare da kunama da kifi da kada a jikin randunanta, an baje kolinsu a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ka kai takardar bakin ƙofa inda haske yake, ka dubi inda hannayenta suke a jikin tukunyar, ka fara ƙirga minti gomanka.